Tashar Jirgin Ƙasa ta Yamai a Idon Mai Fataucin Albasa

Ƴan uwa na gida, na Tawa da Madawa da Galmi, sukan tambaye ni ta waya ko da gaske akwai tashar jirgin ƙasa a Yamai, kuma in akwai, ko mutum zai iya shiga jirgi ya rage hanya zuwa Dosso. Tasha kam akwai ta. An gina ta, an buɗe ta da biki ranar 7 ga Afrilun 2014, an kuma shimfiɗa layin dogo mai tsawon kilomita 143 daga Yamai har Dosso. Jirgi ne ba ya tashi. Ba a sayar da tikiti, babu lokacin tashi balle na isowa, babu inda za ka kai buhu a auna a ba ka takarda. Wanda ke da tafiya gobe da asuba ya nufi tashar mota kawai, kada ya ɓata kuɗin taksi. Sauran bayanin na wanda ke son sanin yadda aka yi aka kawo nan ne, da dalilin da ya sa ni ban yarda a binne maganar ba.

Ni mutumin Adar ne, albasa nake fatauci, sana'ar da na tarar mahaifina yana yi. Neman abinci ne ya zaunar da ni Yamai. Duk abin da na ci da wanda na ciyar da iyali a bayan babbar mota ya iso gare ni, shi ya sa in na shiga wuri irin wannan ba fenti da tuta nake fara dubawa ba. Nakan duba inda mota za ta juya, inda ƴan dako za su sauke kaya, inda kaya za su kwana ba rana ba ruwa, inda matafiyi zai yi alwala ya yi salla, da inda tsohuwa za ta zauna ta jira ba ta galabaita ba.

Ta wannan fuska, wurin da aka zaɓa wa tashar ya yi. Tana gefen filin sukuwa, wanda kowa ya sani da Hippodrome, a kan babban titin da ya nufi filin jirgin sama na Diori Hamani. Ko wane mai taksi ko ɗan kabu-kabu ka ce wa Hippodrome zai kai ka ba tambaya. Wannan titin shi ne dai wanda in ka miƙe shi zai fitar da kai gari ya kai ka Dosso, Dogon Dutsi, Ƙwanni, har Maradi da Damagaram. Unguwar masana'antu ba ta da nisa, tashar motar Wadata ma haka. Fili akwai shi wadatacce, ba irin matsin kasuwar Katako ba, inda kamiyo guda in ya tsaya sauke kaya sai layi ya toshe har bakin titi. Wanda ya nuna wannan wuri ya ce a nan za a yi tasha ya san garin.

Ginin kansa ba babba ba ne. Wanda ya ga tashoshin wasu ƙasashe zai ce ƙarami ne ƙwarai, kuma gaskiyarsa. Ni ban ɗauki wannan a matsayin aibu ba. Layi guda ne, jirgi guda, gari biyu. Ɗakin jira madaidaici da dakalin hawa sun isa a fara da su, in jama'a ta yi yawa a ƙara. Abin da na fi nema ban gani yadda nake so ba shi ne gefen kaya: rumfa mai faɗi da iska ke ratsawa, sikeli babba, da wurin da mota za ta ja baya ta jingina da tarago. A ƙasa irin tamu kaya ne za su riƙe jirgi, fasinja ƙari ne.

Wata Lahadi cikin hunturu na je wurin da ɗan ƙanena, yaro ɗan lakkol da ya zo mini hutu daga Tawa. Bai taɓa ganin jirgin ƙasa ba sai a waya, ya dame ni sai na kai shi. Bayan la'asar ne, hazo ya rufe gari, sai muka tarar da wani dattijo mai gadi zaune a kan benci da rediyonsa da butarsa.

"Salamu alaikum. Malam, sannu da aiki."

"Wa alaikumus salam. Sannu da zuwa, Alhaji. Lafiya dai?"

"Lafiya lau. Yaro na kawo ya ga tasha."

Ya tashi tsaye, ya ba yaron hannu, ya nuna mana inda za mu tsaya mu duba. Mutum ne mai fara'a, bai nemi ko dala ba. Yaron ya daɗe yana kallon ƙarafan nan biyu da suka miƙe suka ɓace cikin hazo, sannan ya juyo ya ce da ni, "Baba, ƙarfe nawa yake zuwa?" Kafin in buɗe baki dattijon ya amsa masa: "Ba shi zuwa yanzu, ɗana. Amma ga hanya nan an yi mishi. In Allah ya yarda kai za ka shiga." Yaron ya tsuguna ya shafa bayan ƙarfen, hannunsa ya fito ja da tsatsa. Duk wanda ya san layin da jirgi ke bi ya san bayansa sheƙi yake yi, don taya tana goge shi kullum. Wannan ya yi ja wur, rairayi ya cika tsakanin tsakuwa, ga busasshiyar ciyawar damina, ga ƴar tumfafiya ta tsiro tana neman kai gwiwa. Abin ya tsaya mini a rai har muka koma gida.

Don a gane abin da ya sa jama'a suka yi tururuwa ranar buɗe ta, sai an koma baya. Turawan mulkin mallaka sun shimfiɗa layin dogo a kusan duk ƙasashen da suka kewaye mu, kuma kowane ya zo ya tsaya kafin ya taɓa ƙasarmu. Na Ingilishi ya iso Kano a 1911, reshensa ya kai Ƙauran Namoda a 1929, wani ya kai Nguru a 1930, duk ba su da nisa da iyaka. Na Faransa da ya taso daga Kwatano ya kai Paraku a 1936, kilomita 438, ya tsaya nan. Wanda ya taso daga Abidjan, wanda tun farko sunan Neja ke jikinsa, ya kai Bobo-Dioulasso a 1934, ya kai Wagadugu a 1954, daga baya aka ƙara shi zuwa garin Kaya, bai ƙetaro ba. A 1959 aka kafa hukumar jirgin ƙasa ta haɗin gwiwar Dahome da Nijar, OCDN, wadda ta koma OCBN bayan Dahome ta zama Benin. Muna da hannun jari a jirgin ƙasa shekara da shekaru, amma ko taku ɗaya na ƙarfensa babu a ƙasarmu. Kaya su taso daga bakin teku a jirgi, a sauke su Paraku, a loda wa motoci, su ƙetare kogi a Malanville zuwa Gaya. Gyaɗarmu ma a zamanin da take da daraja ta nan aka riƙa fitar da wani kaso nata, saura ya bi ta Kano.

Mu mutanen Adar mun fi kowa sanin jirgin wasu, don mu ne ƴan ci-rani. Mahaifina yana saurayi ya bi ayarin jakuna zuwa Ƙauran Namoda, a nan ya fara ganin jirgi, ya shiga shi zuwa Zariya. Har ya tsufa in ana hira sai ya kwaikwayi kukansa. Tsararrakina da yawa ta Wagadugu suka shiga jirgi zuwa Abidjan neman kuɗi. Kowane gida a Keita da Buza da Illela akwai wanda zai ba ka labarin tarago, amma koyaushe labarin ƙasar wani ne.

Shi ya sa ranar 7 ga Afrilun 2014 ba ranar wasa ba ce a wurinmu. Shugaban ƙasa na lokacin, Mahamadou Issoufou, ya zo tare da Boni Yayi na Benin da Faure Gnassingbé na Togo, ga kuma Vincent Bolloré, attajirin Faransa wanda kamfaninsa ya ɗauki aikin. Issoufou ɗan Dandaji ne, a jihar Tawa, amma ba don wannan na fita ba, kuma a cikin taron na ga mutanen da ban taɓa jin sun yabe shi ba. Jirgi ne ya fito da mu. Kan jirgin da taragunsa a bayan manyan motoci aka kawo su, tun da babu layin da za su biyo, haka ma ƙarafan. Da ya yi kuka ya motsa, wani tsoho da ke kusa da ni ya ɗaga hannu biyu yana ta kabbara. Na fahimce shi sarai. Abin da aka yi ta faɗa masa tun yana yaro ne ya gani da idonsa.

Alkawarin da aka yi ba ƙarami ba ne. Layi ne da zai haɗa Kwatano da Yamai, wajen kilomita 1,050, ya zama kashi ɗaya na babban zagaye da zai taso daga Abidjan ya bi Wagadugu, Yamai, Kwatano, ya kai Lome. An so jirgin ya isa Dosso kafin bikin ranar Jamhuriya na 18 ga Disamban 2014, wanda aka yi a can da sunan Dosso Sogha. Hakan bai samu ba. A watan Agustan 2015 aka sa hannu kan yarjejeniya tsakanin Nijar da Benin da kamfanin Bolloré, sabon kamfani mai suna Bénirail ya gaji OCBN. Ranar 29 ga Janairun 2016, saura ƴan makonni a yi zaɓen shugaban ƙasa, aka yi bikin kammala layin Yamai zuwa Dosso. Daga nan aiki ya tsaya, kuma inda ya tsaya ke nan.

Dalilin tsayawar ba ɓoyayye ba ne. Wani attajirin Benin, Samuel Dossou, mai kamfanin Petrolin, ya ce shi ne ya ci kwangilar layin Kwatano zuwa Yamai tun shekarun baya, kafin Bolloré ya shigo. Ya kai ƙara, a watan Nuwamban 2015 kotun ɗaukaka ƙara ta Kwatano ta ba shi gaskiya, ta ce a dakatar da aiki a ɓangaren Benin. Kotun ƙolin ƙasar ta tabbatar da hukuncin a 2017. A 2018 shugaba Patrice Talon na Benin ya fito ya ce gara dukansu biyun su janye a ba China aikin. A ƙarshen 2022 Bolloré ya sayar wa kamfanin jiragen ruwa na MSC harkokinsa na sufuri a Afirka. Sai kuma juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, da rufe iyakar Gaya da Malanville da ya biyo baya, wanda ya daɗe har kayan da suka saba bin Kwatano suka koma bin Lome da Burkina. Tsakanin Dosso da Gaya wajen kilomita 150 ne, tsakanin Malanville da Paraku fiye da 300, ga gadar jirgi da ake buƙata a kan kogi. Duk wannan babu ƙarfe ko ɗaya.

A nan ne nake da magana, kuma zan faɗe ta kai tsaye. An fara aikin daga inda bai kamata ba. Layin dogo daga bakin teku ake jawo shi, ko daga inda wani ya tsaya, don kowane kilomita da aka ƙara ya fara aiki nan take, shi da kansa ya riƙa ɗauko ƙarfen da za a ƙara gaba. Da daga Paraku aka taso, ko a Gaya aka tsaya yau da ana sauke siminti da shinkafa a can. Da aka fara daga Yamai, sai aka sami guntun da bai haɗu da komai ba. Ni ɗan kasuwa ne, na san lissafin: babu mai hankalin da zai sauke kaya daga mota a Dosso, ya biya ƴan dako su loda a tarago, ya sake biyan wasu su sauke a Yamai, ya sake neman mota ta kai masa Katako, alhali motar farko da an bar ta cikin awa uku ko huɗu ta iso. Na biyu, an fara zuba ƙarfe ba a gama warware wanda ke da haƙƙin aikin ba. Ko rumfa za ka kafa a kasuwa sai ka tabbatar da mai filin tukuna.

Sai maganar faɗin layin, wadda aka yi ta gardama a kai a gidajen rediyo. Tazarar da ke tsakanin ƙarafan namu mita 1 ce. Layukan zamani, irin na Abuja zuwa Kaduna da aka buɗe a 2016, tasu milimita 1,435 ce. Masu suka suka ce an kawo mana tsohon yayi. Masu aikin suka ce layukan Benin da Togo da Burkina da Kodebuwa duk mita 1 ne, in ana son jirgi ya taso daga Abidjan ya kai Kwatano ba sauke kaya dole a yi iri ɗaya. A lokacin hujjarsu ta shige ni, har yanzu ma ban ce ba ta da tushe ba. Jirgin mita 1 yana jan kaya lafiya lau, na gani da idona.

A Bobo-Dioulasso na gani, shekarun da nake raka kaya zuwa Abidjan, kafin cutar korona ta tsayar da jirgin fasinja a 2020. Ina son in tsaya a nan kaɗan, don wanda bai taɓa ganin tasha mai rai ba ba zai san abin da muka rasa ba. Ginin tashar Bobo fari ne, dogo, an yi shi da siffar ginin ƙasa irin na masallatan yankin, tun zamanin da jirgi ya iso garin. Amma ba ginin ne ya kama ni ba. Tun kafin a ji kukan jirgi mata sun jeru a bakin dakali da tire a ka: mangwaro, dafaffen ƙwai, burodi, soyayyar kaza, ruwan sanyi. Masu kura suna jira, masu taksi suna kiran unguwanni. Can gefe ana loda shanu da tumaki a taragun da aka yi musu tagogi, makiyayi ya shiga tare da su da buhun dusarsa da jarkar ruwa. Wani malami zaune a bayan taga yana rubuta nauyin kaya yana buga hatimi. Jirgin yakan makara, wani lokaci sosai, kujerun ma ba na jin daɗi ba ne. Duk da haka in ya tsaya na ƴan mintuna, kuɗin da ke canza hannu a wurin ya isa ya ciyar da gidaje masu yawa a ranar. Na ga yarinya ta sayar da tiren mangwaronta kaf ta taga, tana bin tarago da gudu tana karɓar canji. Wannan ita ce hidimar tasha: ba matafiyi kaɗai take yi wa ba, unguwa guda take ɗauke da ita. Birni N'Gaure da Kure, da layinmu ya ratsa ta wajensu, da yanzu matansu na da irin wannan kasuwa.

To, mu koma kan albasa, don a nan ne abin ya fi taɓa ni. Nijar na noma albasa fiye da tan miliyan ɗaya a shekara, kuma jar albasar Galmi sunanta ya kai Accra da Kumasi da Abidjan da Kwatano. Ana cire mafi yawanta a watannin Maris da Afrilu, daidai lokacin da zafi ya fi tsanani. Manomi mai hali ya zuba tasa a rudu ya jira farashi ya tashi, marar hali ya sayar a bakin gona. Mu kuma mu cika buhu har da hula, a ɗinke, a loda buhu ɗari uku ko fiye a mota guda, a ja tampol. Daga wannan lokaci kowace awa asara ce. Albasa tana numfashi, in ta rasa iska sai ta yi gumi, in ta yi gumi ta fara ruɓa daga tsakiyar lodi inda ido ba ya gani.

Wata shekara motar da ta ɗauko mini kaya zuwa Kumasi ta karye a daji bayan ta wuce Fada N'Gourma. Ba laifin direba ba ne, hanya ce ta ci ƙarfen. Kafin a samo kayan gyara an kwana an wuni, an sake kwana, rana tana dukan tampol. Da muka isa aka kwance igiya, warin da ya bugo ya ishe ni labari, ban buƙaci a buɗe buhu ba. Muka zazzage a ƙasa, matan kasuwa suka zauna suna tsincewa, mai kyau gefe, mai ruwa gefe, tulin mai ruwa yana ta girma. Kuɗin mota ba a rage ko tamma ba, kuɗin da aka bari a shingayen hanya ma ya tafi. Manomin da na ɗauko kayansa bashi a Tsarnawa yana jira, da iyalinsa. Na biya shi, amma sai da na sayar da abin da ban so sayarwa ba. Kowane mai fataucin albasa yana da irin wannan labari, wasu nasu ya fi nawa muni.

Ban ce jirgi maganin komai ba ne. Albasa tana son tarago mai iska da lokaci tsayayye. In aka rufe ta a akwatin ƙarfe aka ajiye a rana, gara motar. Amma tarago guda yana ɗaukar abin da ya kai na babbar mota, kan jirgi guda kuma yana jan ashirin ko fiye. Ba ya tsayawa a kowane shinge, taya ba ta fashe masa, ba ya cin kwalta. Duk wanda ke bin hanyar Dosso ya san yadda manyan motoci ke nutsa titi, ya kuma san gawarwakin motocin da ke kwance a gefe, da rayukan da suka tafi tare da su. In ka taso daga Dosso da safe za ka ga ƙarfen nan yana bin ka a gefen hanya, wani wuri a sarari, wani wuri rairayi ya rufe shi, kai kuma kana bayan tirela mai hayaƙi kana neman inda za ka wuce. Ba na bin wurin ban ji ciwo ba.

Akwai kuma kukan da mazauna unguwannin hanyar filin jirgi suka yi bayan an shimfiɗa layin a cikin gari. Na ji masu kura da masu babur suna cewa tudun tsakuwar ya raba su da titi, sai sun yi zagaye kafin su sami maƙetara. Wasu sun ce ruwan damina ya rasa hanyar wucewa. Da jirgi na tafiya, mutum zai haƙura ya ce ga amfanin da ake samu. Wahala ba amfani ita ce ke sa jama'a su tsani abu, har ka ji ana cewa a tumɓuke a huta. Na fahimci masu faɗin haka. Inda layi ya takura wa mutane a tsakiyar gari, a gyara ko a kauce da shi, ba zan yi musu ba. Amma hanyar da aka share aka daidaita daga bakin gari har Dosso dukiya ce, ko da ƙarfen kanta za a canza wata rana. Samun fili miƙaƙƙe na kilomita fiye da ɗari, da biyan diyya, da cike kwari, shi ne rabin wahalar aikin. In aka yi sakaci mutane suka gina a kai, ko masu sayen tsohon ƙarfe suka yi ta zarewa da dare, ranar da aka tashi sai an fara daga farko. Tashar kuma, kafin jirgi ya zo, me zai hana a riƙa buɗe wa ƴan makaranta ita, a nuna musu tarago da kan jirgi, a gaya musu yadda yake aiki? Ɗan ƙanena da ya koma Tawa, in ji uwarsa, mako guda yana zana layi biyu a ƙasa yana jan gwangwanaye a kai. A cikin irinsu ne za a sami direbobi da makanikai.

Wanda ke son ya je ya gani, ya je da la'asar in rana ta yi sanyi, ya yi sallama ga masu gadi, kada ya ɗaga waya ya ɗauki hoto sai ya nemi izini, musamman a wannan zamani da harkar tsaro ta yi tsauri. Ya tafi da ruwansa. Ba zai ɗauke shi fiye da rabin awa ba.

Idona yanzu yana gabas. A watan Fabrairun 2021 shugaba Muhammadu Buhari ya aza harsashin layin Kano zuwa Maradi, kilomita 284, wanda kamfanin Mota-Engil na ƙasar Portugal ke yi a kan kuɗi kusan dala biliyan 2. Zai bi ta Kazaure, Daura, Katsina da Jibiya kafin ya shigo mana, kuma faɗinsa na zamani ne, milimita 1,435. Wannan ya taso ne daga inda jirgi yake, ya nufi garin da fatake suke. In Allah ya sa ya kammala, da alama tikitin farko da za a sayar a ƙasar Nijar a Maradi za a sayar da shi, ba a Yamai ba, kuma ba zan yi baƙin ciki da haka ba. Sai dai jirgin da ya shigo Maradi ba zai iya hawa ƙarfen Dosso ba ko da an haɗa su, tun da faɗinsu ya bambanta, kuma wannan magana ce da ya kamata a yanke tun yanzu, kafin a sake zuba ko ƙarfe ɗaya.

Tsakanin Maradi da Dosso kilomita ɗari biyar ne da ɗoriya, kuma babu garin da ke kan hanyar da ba shi da abin lodawa. Madawa da Galmi da Tsarnawa albasa, Malbaza siminti, Ƙwanni kasuwar iyaka, Dogon Dutsi wake da dankali, ga dabbobi ko'ina. Daga Tsarnawa reshe zai iya hawa arewa zuwa Tawa, inda hanyar Agadas da Arlit ta fara. Wannan ne layin da nake son in ji hukuma ta zauna tana lissafin kuɗinsa, a kan faɗi ɗaya da na Kano, a kuma fara shi daga Maradi a nufo yamma, yadda duk tashar da aka kai za ta fara karɓar kaya tun kafin a kai ta gaba.